Jesús Colón, ɗan jaridar leburorin Porto Riko a birnin Niyu Yok

Duk wanda ya shiga lakwal ya san ma'anar kalmar colon a Faransanci, wato baƙon da ya zo ya zauna bisa ƙasar wasu da ƙarfin bindiga. A Sipaniyanci kuwa Colón sunan dangi ne, kuma da shi Sipaniyawa suke kiran matuƙin jirgin ruwan nan Kiristof Kolom, wanda ya sauka tsibirin Porto Riko a shekara ta 1493. Sai ga shi wannan suna ya faɗa kan wani baƙar fata, jikan mutanen da aka kwaso daga Afirka, wanda ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana rubutu a kan mulkin mallaka da wahalar leburori. Sunansa Jesús Colón, ana faɗinsa Hesus Kolon. Littafi ɗaya tak ya fitar a rayuwarsa, ya tsaya takara bai ci ba, jaridun da ya yi wa aiki kuma na talakawa ne, waɗanda ba su da kuɗin biyan marubuci abin kirki. Duk da haka marubutan Porto Riko na birnin Niyu Yok suna lissafa shi cikin iyayensu.

An haife shi ran 20 ga watan Janairu na 1901 a Cayey, wani gari da ke cikin duwatsun tsakiyar tsibirin, inda ake noman taba. Ubansa mai gashin burodi ne. A lokacin tsibirin bai daɗe da sauya ubangida ba: Sipaniya ta riƙe shi kusan shekara 400, sa'an nan Amurka ta ci ta da yaƙi a 1898 ta karɓe shi. Bauta ma ba ta yi nisa ba, don a 1873 aka soke ta, saboda haka yaron ya tashi akwai sauran tsofaffin da aka haifa bayi. Da zuwan sabbin masu mulki sai kamfanonin rake da na taba na Amurka suka shigo da jari mai yawa, gonaki suka riƙa taruwa hannun mutane kaɗan, ƙananan manoma da dama suka koma ƴan ƙodago.

Murya daga taga

Gidan su Colón yana kusa da wata masana'antar naɗin taba, irin manyan sigarin nan na ganye zalla da ake naɗawa da hannu. Wannan aiki ba ya da inji, ba ya da ƙara. Mutum zaune yake gaban tebur tun safe har marece, yatsu na aiki, kunne kuwa ba ya yin kome. Shi ya sa tun 1865 masu naɗin taba na birnin Habana, a ƙasar Kuba, suka ƙago wata al'ada wadda ta bazu har Porto Riko da garin Tampa da Niyu Yok: su ɗauki mutum guda mai murya, ya hau wata kujera mai tsawo a tsakiyar ɗaki, ya yi ta karanta masu takarda suna aiki. Ana ce da shi lektor, wato mai karatu. Da safe jaridu yake karantawa, labarin duniya da na ƙungiyoyin ma'aikata. Da rana kuma littattafai, na Victor Hugo, da Émile Zola, da Balzac, har da na Karl Marx. Ba mai masana'anta ke biyansa ba. Ma'aikatan da kansu ke cire wani abu daga ladansu kowane mako su ba shi, su ne kuma ke zaɓen littafin da za a karanta, in an gama su yi ta gardama a kansa. Ta haka za ka iske mutumin da bai iya rubuta sunansa ba ya san labarin mahaƙan kwal na Faransa fiye da ɗan sakandare. Masu masana'antu ba su taɓa son abin ba, sun san inda yake kai mutane. A Tampa, cikin 1931, sai da suka fitar da kujerun karatun da ƙarfi, ma'aikata suka shiga yajin aiki a kan haka.

Muryar wannan mai karatu tana fitowa ta taga, yaro Colón kuma yana saurare. Shi da kansa ya ba da labarin daga baya, kuma da shi ya buɗe littafinsa. Wanda ya karanta rubutunsa zai gane cewa a nan ya koyi sana'a, ba a aji ba. Maganarsa gajera ce, a fili take, an yi ta don kunne. Ana iya karanta wa mutum ita yana wanke kwano ya fahimta sarai. Har ya tsufa bai canza wannan hanya ba, ko da ya canza harshe.

Cayey ɗin ma ba ƙaramin gari ba ne a tarihin ma'aikatan tsibirin. A nan aka kafa Jam'iyyar Gurguzu ta Porto Riko a 1915, wadda ta fito daga cikin babbar sandikar ma'aikata da Santiago Iglesias da abokansa suka kafa a 1899. Masu naɗin taba su ne ƙashin bayan waɗannan ƙungiyoyi. Da iyalin Colón suka ƙaura San Juan, babban birni, yaron ya ci gaba da karatu, har ya riƙe wata ƙaramar jaridar ɗalibai mai suna Adelante, ma'ana a ci gaba.

Ran 2 ga watan Maris na 1917 gwamnatin Amurka ta zartar da dokar da ake kira dokar Jones, wadda ta mai da mutanen Porto Riko ƴan ƙasar Amurka. Wata guda bayan haka Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, aka kuwa ɗebi dubban samarin tsibirin soja. Irin wannan zama ɗan ƙasa yana da wuyar bayani. Mutum yana iya shiga jirgi ya tafi Niyu Yok ba fasfo ba biza, amma muddin yana zaune tsibirin ba ya jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa, kuma haka abin yake har yanzu. Gwamnan tsibirin ma daga Washinton ake naɗo shi, sai a 1948 aka bar mutane suka zaɓi nasu. Ƙofa dai ta buɗe, talauci kuma yana kora. Colón bai cika shekara 18 ba ya shiga jirgin ruwa mai suna Carolina a ɓoye, don ba ya da kuɗin tikiti. Aka gano shi a tsakiyar teku, aka sa shi wanke-wanke har jirgin ya isa. Wannan jirgi bai daɗe ba bayan haka: cikin watan Yuni na 1918 wani jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya nutsar da shi, yana kan wannan hanya ta San Juan zuwa Niyu Yok.

Ya sauka unguwar Burukilin wurin wansa Joaquín. Babu irin aikin ƙarfin da bai taɓa ba: wanke kwanoni a gidajen abinci, dako a tashar jiragen ruwa, aikin masana'anta, aikin gidan waya. Da dare kuma ya tafi lakwal, har ya kammala sakandare. Dubban baƙi sun yi irin wannan zama, sun mutu da labarinsu a ciki. Abin da ya raba Colón da su shi ne ya riƙe kome a ka, bayan shekara talatin da wani abu ya zauna ya rubuta.

Ya ba da labarin wata sanarwa da ya gani a jarida, ana neman ma'aikata, an ce aikin mai sauƙi ne kuma lada mai kyau. Da ya je sai ya iske aikin shi ne a tsoma hannu cikin ruwan sanyi a kankare takardun da ke manne jikin tsofaffin kwalabe da farce, cikin hunturun Niyu Yok, har yatsa ya mutu. Ya ba da labarin wata waƙar marubucin Ingila Rudyard Kipling, mai koyar da haƙuri da jimiri, wadda ya saya cikin firam ya rataye a ɗakinsa, yana karanta ta kullum kafin ya fita neman aikin da ba ya samuwa. Ran da sanyi ya kai masa karo, ba itace ba gawayi, ya farfasa firam ɗin ya hura wuta, ya haɗa da takardar waƙar. Bai tsaya dogon sharhi ba, ya bar mai karatu ya auna da kansa abin da wa'azin haƙuri ke yi wa mai jin sanyi.

Wanda ya fi ciwo shi ne labarin fassara. A zamanin da silima ba ta magana, rubutu ake nunawa tsakanin hotuna, kuma akwai wani ofishi da ke ba Colón aikin juya wannan rubutu daga Ingilishi zuwa Sipaniyanci, don finafinan da ake kaiwa ƙasashen kudancin nahiyar Amurka. Ta gidan waya ake aiko masa, ta gidan waya yake mayarwa, ba su taɓa ganin juna ba. Wata rana aikin ya haɗa da baitocin wata doguwar waƙa ta Longfellow, ya zauna ya ba ta haƙƙinta, masu ofishin suka ji daɗi ƙwarai har suka rubuto masa ya zo ya kama aiki na dindindin da albashi. Ya yi shiri ya tafi. Da shugaban ofishin ya ɗaga kai ya gan shi, sai magana ta canza: shi ya zaci farar fata ne. Ƙofar ta rufe ke nan. Aikin nasa ya ci jarrabawa a takarda, fuskarsa ce ta faɗi. A tsibiri ma akwai bambancin launi, ba wanda zai musa, amma a Amurka ya tarar da shi tsirara, an ja layi tsakanin fari da baƙi, shi kuma ga shi baƙi, ga shi baƙo mai wani harshe, ga shi lebura.

Ƙungiya da jarida

Tun farkon shekarun 1920 ya fara aika labarai gida, ga jaridar Justicia ta sandikar ma'aikatan Porto Riko, yana gaya wa masu niyyar tasowa abin da ke jiransu. A 1925 ya auri Rufa Concepción Fernández, wadda ake kira Concha, budurwarsa tun San Juan, bayan shekaru suna musayar wasiƙu. A wannan zamani ƴan Porto Riko na Niyu Yok ba su da yawa, kuma masu naɗin taba ne ke jagorancinsu. Ɗaya daga cikinsu, Bernardo Vega, shi ma mutumin Cayey ne, ya girme shi da shekara 16. Tare suka yi aikin kafa ƙungiyoyin ma'aikata da na ilimi, inda ake koyar da karatu da dare, ana shirya laccoci, ana tara gudummawa in an shiga yajin aiki a tsibiri.

Cikin bazarar 1926 rikici ya tashi a gabashin unguwar Harlem, wasu tsofaffin mazauna wurin suka far wa ƴan Porto Riko da shagunansu, don ganin baƙin suna yawaita. Wannan ya sa ƙananan ƙungiyoyi suka haɗu suka yi babbar ƙungiya guda ta ƴan Porto Riko da sauran masu jin Sipaniyanci, Colón yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyinta. A 1927 Vega ya karɓi jaridar mako-mako mai suna Gráfico, Colón ya zama ɗaya daga cikin marubutanta. Wani lokaci da sunansa yake sa hannu, wani lokaci da sunan aro, kamar Miquis Tiquis ko Pericles Espada. A ƙarƙashin sunan aro ya fi sakin baki. Ba Amurkawa kaɗai yake zarga ba, har da nasa: masu ƙyamar aikin hannu, da masu ɓoye kakarsu baƙa don a ce su Sipaniyawa ne, da masu kashe ladan mako wajen rawa a daren Asabar alhali ba su biya kuɗin ƙungiya ba.

Da tattalin arzikin Amurka ya rushe a 1929, waɗanda aka fara kora daga aiki su ne irin su Colón. A 1933 ya shiga Jam'iyyar Kwaminis ta Amurka. Ba abin mamaki ba ne a wancan lokaci. Jam'iyyar tana cikin ƴan ƙalilan da ke haɗa fari da baƙi a ɗaki guda, tana tsaya wa masu haya in an fitar masu da kaya titi, kuma tana faɗi a fili cewa Porto Riko ƙasa ce da ake mallaka, ta cancanci ƴanci. Aikin da ya fi cin lokacinsa a shekarun da suka biyo baya shi ne na wata ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, wadda aka sani da haruffan IWO, da aka kafa a 1930. Kowane ɗan ƙungiya yana zuba kuɗi kaɗan, in ya kwanta ciwo a taimake shi, in ya mutu a ba iyalinsa abin jana'iza da na riƙon gida. Kamfanonin inshora na lokacin sukan tsawwala wa baƙar fata kuɗi ko su ƙi shi sam. Ita wannan ƙungiya kuɗi ɗaya take karɓa ga kowa. An raba ta sassa bisa harshe, Colón ya shugabanci sashen masu Sipaniyanci, mai ɗauke da sunan Cervantes, wanda ke da rassa wajen 30. A ɗakunan waɗannan rassa ake koya wa yara harshen iyayensu, a yi wasan kwaikwayo, a yi biki, a kuma yi siyasa.

Rubutu bai tsaya ba. A 1943 da 1944 yana da fili a jaridar Pueblos Hispanos, wadda mawaƙi Juan Antonio Corretjer ke shugabanta, inda mawaƙiya Julia de Burgos ita ma take aiki. Bayan yaƙi ya rubuta wa jaridar Liberación. A farkon shekarun 1950 ya tsaya takara a ƙarƙashin jam'iyyar ma'aikata ta jihar Niyu Yok, jam'iyyar ɗan majalisa Vito Marcantonio wanda ƴan Porto Riko na Harlem suke ƙauna. Bai ci ba.

Sauya harshe

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amari ya canza baki ɗaya. Gwamnatin tsibirin ta ɗauki shirin jawo masana'antun Amurka ta hanyar yafe masu haraji, noma ya ja baya, mutanen karkara suka rasa abin yi, ga kuma jirgin sama ya yi araha. A 1940 ƴan Porto Riko na Niyu Yok ba su wuce 60,000 da kaɗan ba. A 1960 sun haura 600,000. Birnin ya farka ya gan su ko'ina, jaridu suka shiga kiransu matsala, sunansu ba ya fitowa sai a labarin wuƙa da sata da neman tallafi. Ga kuma ɗiyan da aka haifa a can, waɗanda Ingilishi ya fi zama masu a baki.

A nan Colón ya yi abin da ya sa ake tunawa da shi. Yana da shekara 54, bayan ya yi shekara talatin yana rubutu da harshen uwarsa, sai ya koma rubutu da Ingilishi. A 1955 jaridar Daily Worker ta Jam'iyyar Kwaminis ta ba shi fili na kansa, da taken da ke nufin yadda nake ganin abin daga nan. Wanda ya san zafin harshe ya san wannan ba ƙaramin mataki ba ne, balle ga ɗan tsibirin da aka yi shekaru ana ƙoƙarin cusa wa ɗiyansa Ingilishi a lakwal, su kuma suna turjewa. Amma ya duba ya ga cewa in ya tsaya ga Sipaniyanci, waɗanda suka riga suka san labarin kaɗai za su ji shi. Leburan Amurka da ke tsaye kusa da ɗan Porto Riko a masana'anta ba zai ji ba, yaron da aka haifa a Burukilin ma ba zai ji ba.

Abin da ya zuba a wannan fili ba manyan jawabai ba ne, ƴan gajerun labarai ne, shafi biyu ko uku. Mafi shahara cikinsu sunansa yana nufin ƙananan abubuwa manya ne. Wani dare, bayan sha biyu, yana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa zai koma gida, sai wata matashiya farar fata ta shigo, jariri a hannu ɗaya, akwati a ɗaya hannun, ƙananan yara biyu na biye da ita. Ya lura tasha ɗaya za su sauka, ta Atlantic Avenue, inda matakala ke da tsawo, kuma ba kowa a wurin. Tarbiyyar gidansu ta ce ya karɓi akwatin. Amma ya tsaya yana lissafi: baƙar fata ne shi, ɗan Porto Riko, tsakar dare, a tashar da ba mutane. In ya matso ta ƙwala ihu fa? Wa zai saurari bayaninsa? Sai ya wuce ta kamar bai gan ta ba, ya haye matakala da sauri. Da ya fito iska ta buge shi sai kunya ta rufe shi, ya yi wa kansa alkawari cewa in haka ta sake faruwa zai miƙa hannu, ko me za a ce.

A labarin nan ba a zagi kowa ba, ba a bugi kowa ba, matar ma ba ta ce uffan ba, wataƙila da murna za ta karɓi taimakon. Ɓarnar da wariya ta yi a cikin zuciyarsa ta yi ta, ta hana mutumin kirki yin abin da uwarsa ta koya masa. Marubutan jam'iyya da yawa da sun mai da kansu jarumai ko waɗanda aka zalunta. Shi ya nuna kansa yana gudu. Labarin ya shiga littattafan karatu na makarantun Amurka, malamai suna amfani da shi wajen tattauna wariyar launi da ɗalibai.

Sai dai lokacin da ya zaɓa ya yi magana da Amurkawa shi ne lokacin da suka fi toshe kunne ga irinsa. Yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya yi zafi. An ɗaure shugabannin Jam'iyyar Kwaminis bayan shari'ar 1949. Ƙungiyar IWO, wadda ta kusa kai mutum 200,000, an sa ta cikin jerin ƙungiyoyin da ake tuhuma a 1947, kuma a 1954 hukumomin jihar Niyu Yok suka rushe ta, ba don asusunta ya karye ba, don siyasarta. Aikin shekaru da Colón ya yi a sashen Cervantes ya tafi tare da ita. A tsibiri kuma, daga 1948 zuwa 1957, akwai dokar da mutane suka laƙaba wa suna dokar takunkumi, wadda aka yi amfani da ita aka kama masu neman ƴanci. A 1952 aka ba Porto Riko sabon matsayi na mulkin cikin gida a ƙarƙashin Amurka, a 1953 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ta daga jerin ƙasashen da ba su mulkin kansu. Colón bai yarda an warware kome ba. A ganinsa riga aka canza, mai ita yana nan. Cikin watan Nuwamba na 1959 kwamitin majalisar wakilan Amurka mai farautar ƴan kwaminis ya yi zama na musamman a kan ƴan Porto Riko, a Niyu Yok da San Juan, aka kira Colón ya bayyana gabansa. Ya je, ya fito, ra'ayinsa yana inda yake.

Wannan tsayuwa tana da fuska biyu, kuma bai kamata a ɓoye ɗaya ba. A 1956 Nikita Kurushef ya tona ta'asar Stalin, a shekarar kuma tankokin Sobiyet suka murƙushe boren Hangari. Dubban mutane suka fice daga jam'iyyar, rigima ta ci jaridar Daily Worker har ta daina fita kullum a farkon 1958. Colón bai fita ba, ya zauna cikin jam'iyyar har mutuwarsa. Mutumin da idonsa ke ganin ƙaramin wulaƙanci a ofishin fassara bai nuna irin wannan kaifin ido ga abin da ake yi da sunan ma'aikata a gabashin Turai ba. A rubutunsa ma ana ganin wurin da ɗan jam'iyya ya danne ɗan jarida, labari mai rai ya ƙare da darasin da aka sani tun kafin a fara. Waɗannan shafuka sun tsufa. Na kwalabe da na firam da na matakala ba su tsufa ba.

A 1961 aka tattara sama da 50 daga cikin gajerun labaransa aka buga littafi mai suna A Puerto Rican in New York and Other Sketches, wato ɗan Porto Riko a Niyu Yok da wasu labarai. Yana cikin littattafan farko da wani ɗan Porto Riko ya rubuta da Ingilishi a kan zaman mutanensa a birnin. Maɗaba'ar ƴan gurguzu ce ta fitar da shi, bai kuwa yi nisa ba. A wannan shekara ɗin aka fitar da fim ɗin West Side Story, wanda ya zaga duniya ya ci lambobin yabo goma na Oscar, inda aka nuna samarin Porto Riko ƴan daba masu rawa da wuƙaƙe. Miliyoyin mutane ta fim ɗin suka san ƴan Porto Riko, ba ta littafin mutumin da ya yi shekara arba'in a cikinsu ba.

Ya ci gaba da rubuta wa jaridun jam'iyya har tsufa. A 1969, yana da shekara 68, ya sake tsayawa takara, wannan karo ta muƙamin mai kula da asusun birnin Niyu Yok, a ƙarƙashin tutar kwaminis, ko da yake kowa ya san ba za a ci ba. Kafin nan sabon zamani ya taso: Piri Thomas ya fitar da littafinsa a kan Harlem a 1967, Nicholasa Mohr ta fitar da nata a 1973, matasan mawaƙa kuma suka fara kiran kansu Nuyorikan, wato ƴan Porto Riko haifaffun Niyu Yok, suna rubutu da Ingilishi gauraye da Sipaniyanci. Da masu nazari suka waiwaya neman wanda ya share masu hanya, sai suka iske tsohon lebura ɗan Cayey.

Ya rasu a Niyu Yok a 1974, yana da shekara 73. Bisa wasiyyarsa aka ƙona gawarsa, kamar yadda wasu ke yi a can, aka kai tokar Porto Riko aka watsa a kogin La Plata da ke ratsa ƙasar Cayey. Mutum ne mai ajiyar takarda: wasiƙu, da takardun gayyata, da rahotannin zaman ƙungiyoyin da suka daɗe da mutuwa, da guntayen jaridu. An kai su cibiyar nazarin al'amuran Porto Riko ta kwalejin Hunter a Niyu Yok, kuma da su masana tarihi suka sake gina labarin baƙin farko na tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu. An sake buga littafinsa a 1982. A 1993 malamai biyu, Edna Acosta-Belén da Virginia Sánchez Korrol, suka fitar da na biyu daga cikin takardun da ya bari. Rubutunsa na Sipaniyanci kuwa, wanda ya fara da shi, sai a 2001 aka tattara shi, shekara 27 bayan rasuwarsa, aka sa wa littafin sunan tsohon filinsa na jaridar Pueblos Hispanos, Lo que el pueblo me dice, wato abin da jama'a ke faɗa mini.